Rasuwar Kalaidoskof, Madubin Malama Damata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma ba tare da wanda za a ɗora wa laifi ba, Malama Damata Sumani, tsohuwar malamar kimiyya daga zangon Kumasi, mazauniyar unguwar Concourse Village da ke Bronx, take sanar da rasuwar abokin zamanta Kalaidoskof, wanda ya cika a kan teburin cin abinci, a hannunta.

Ga wanda bai san mamacin ba: ɗan bututun kwali ne, bai kai kamu ɗaya ba. Ka kafa ido a bakinsa ka juya, sai furanni masu launi su buɗe su rufe. Mijinta, marigayi Braimah, ya saya mata shi wurin wani mai tebur a bakin titi. Sunan kuwa, ta bi salsalarsa har laburare: wani Baturen Sukotland ne ya haɗa shi daga kalmomin Girkanci masu nufin kyau, da siffa, da kallo. Turawa kan ari sunan su yaɓa wa duk abin da ya tara launi barkatai. Bronx ɗin nan ma ta ji an kira ta da shi a rediyo. Malama ba ta yarda ba. A cikin mamacin ƙwayoyin launi na taɓa juna. A benenta sai a shekara ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Mai haƙuri ne. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa yana wurin aiki zai kira an jima ba. Maganarsa ɗaya ce, shaa, shaa, kamar ana zuba gero a ƙwarya.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga sashen mata na wani masallaci a unguwar Tremont, inda aka soma raɗe-raɗin wai wanda ya leƙa shi da alwala yana ganin gida. A'i mai kitso ta leƙa, ta rantse ta ga zanen mahaifiyarta a Damagaram. Tun daga nan kowace Juma'a falon Malama ya cika: takalma jibge a bakin ƙofa, ƙosai a leda, surutu har la'asar ta yi sanyi.

To, mai hali ba ya fasa halinsa. Malama ta leƙa da alwala, ta leƙa babu alwala, ba ta ga Kumasi ba. Ran wata Juma'a, mata na zaune, ta ɗauko wuƙar yankan albasa ta yi masa tiyata a gabansu. Bai farfaɗo ba. Mata suka laluba takalmansu ɗaya bayan ɗaya.

Ya bar tabarau, da rediyo, da kujerar bakin taga, da Malama kanta. 'Yarta Muniratu ta yi ta'aziyya ta waya daga jihar Ohio, a gurguje.

An jinkirta jana'iza ana jiran masu gaisuwa. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Saboda haka za a kai shi makwancinsa ranar Alhamis da safe a ɗakin shara na ƙasan bene, kwali gefe guda, gilashi gefe guda, yadda mai kula da gidan ya hukunta. Zaman makoki ranar Juma'a bayan salla. Ba za a kulle ƙofa ba, kuma akwai shayi.

Abin da aka samu a cikinsa: siraran madubai uku da tsakin gilashi cikin cokali ɗaya. Babu gida.