Ƙauyen da Kuka Ce Babu Zazzaɓi

Zuwa ga Mai Girma, likitan likitoci, Shugaban masu binciken sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, Allah ya ƙara wa ofishinka sanyi.

Bayan gaisuwa da durƙuso, ni ne Babikir wad Dafa'alla, wato ɗan Dafa'alla, manomin auduga a yankin Jazira. Ban yi makaranta ba. Mirgani tela ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Na ɗaya. Mun gode da yaranka suka ziyarce mu shekara uku a jere, kullum tsakiyar rani, lokacin da kwalbatoci suka bushe, sauron kansa ya tafi hutu. Mun yanka musu rago, sun ci da gurasarmu ta kisra, sun kora da gahawa, suka huhhuda yatsun jikokinmu suka ɗebi jini. Wai ba su ga mai ciwo ba. A ina za su gan shi, ranka ya daɗe?

Na biyu. Malamin asibitinmu ya shaida mini kun rubuta cewa ƙauyenmu ba shi da zazzaɓi mai tsanani, saboda haka an cire mu daga garuruwan da za a kai wa sabuwar allurar. Madalla da ilimi! To me ya kashe Sittana, matata da muka shekara arba'in tare? Bara da damina ta wuni tana fizge-fizge, ko ni ba ta ganewa. Muka ɗora ta a amalanken jaki, laka ta kama tayoyin, ta cika a tsakanin gonaki. Ko ita ma lafiyarta ƙalau a takardarku?

Na uku. An ce motocinku ba sa shiga lakar damina. Gaskiya ne, farare ne, kada su ɓaci. Amma wa kuka naɗa ya lallashi sauron ya jira rani?

Yanzu hadari ya fara haɗuwa. Jikata Iklas shekararta huɗu, ita kaɗai ta rage wa ɗana cikin uku. Roƙona ɗaya ne: a mayar da sunanmu, a aiko allurar tun hanya na biyuwa. In hakan ya saɓa wa ilimi, ku turo mai ƙidaya bayan kaka, ni da kaina zan raka shi maƙabarta. Ya bar dogayen kaburbura, gajerun zai ƙirga. In ya tarar da na Iklas a ciki, don Allah a gaya masa kada ya miƙo mini hannu.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Babikir wad Dafa'alla
(ga dangwalen yatsana)