Furosesa Mai Haƙora

Wani ne a Gagarawa Tasha, Allah ya yi shi da sanin shanu. Da ya tsaya a nan, da ba mu ji labarinsa ba. In ya ɗaga leɓen bijimi ya leƙa haƙora, zai faɗa maka shekarunsa har da watanni. Matsalarsa ɗaya ce, ya ɗauka duk abin da ke duniya saniya ce da ta sake kama. Babur ɗinsa ma in ya ƙi tashi, sauka yake yi ya shafa masa tanki yana lallashi.

Matarsa Mansura tana karatun malanta a Gumel, shekarar ƙarshe. Tana da wata tsohuwar kwamfuta ta tebur, irin mai ƙaton akwatin nan, wadda yayanta ya ba ta da ya yi ritaya. Kwamfutar nan ta tsufa tukuf. Mansura kan kunna ta, ta je ta ɗora sanwa, ta yi talge, ta dawo ta tarar tana nan tana nishi ba ta gama buɗewa ba. A cikinta kuma kundin bincikenta yake, wanda ta yi wata bakwai tana bugawa da yatsa biyu. Ranar Litinin za ta miƙa shi, in ba ta miƙa ba sai baɗi. Saura babi ɗaya, kuma ba ta da kundin a ko'ina sai cikin akwatin nan.

Da ta ga kwana na ƙarewa, sai ta buga wa Ɗalha waya, wani mai gyaran kwamfuta da ke da shago a Gumel. Ɗalha ya san na'urar tun tana hannun yayanta. Ya ce furosesa ce ta gaji, wato ƙwaƙwalwar da ke tuƙa ta, sai an sa mai ƙarfi, a ƙara ram biyu, wato 'yan allunan da ke ƙara mata sauri, a canja fanka. Ya karanta mata lambobin kayan ta rubuta a takarda. Ya ce akwai wani Badamagare mai sayar da su a Maigatari, a sayo ran Alhamis, a kawo masa ran Asabar ya ɗaura. Ya kuma ja kunne, ya ce kafin nan kada kowa ya buɗe akwatin.

Gogan naku da ma ba ya fashin kasuwar Maigatari. Ya karɓi takarda ya cusa a hula, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, shi da yake zaɓen bijimi cikin garke ɗari ba ɗan ƙarfe ne zai gagare shi ba.

Da ya gama da kara, wajen cinikin shanu, sai ya nufi rumfar Badamagaren. Mutumin ya duba takarda, ya ciro ram biyu da fanka, sannan ya ɗauko furosesa a 'yar leda ya ɗora masa a tafin hannu. Gogan ya jinjina ta ya ji ba nauyi. Ya juya ta ya ga cikinta sumul. Sai ya hango wata a gefen tire, cikinta cike da ƙananan tsinkaye reras kamar burushi.

"Waɗannan fa mene ne?"

"Haƙoranta ne, Alhaji. Wannan ba ta odinatarka ba ce." Odinatar ita ce kwamfuta a bakin mutanen Damagaram.

Gogan ya yi wata 'yar dariya, irin ta wanda ya kama dillali dumu-dumu. Ya ce wato mai haƙoran a ɓoye ta, shi kuma a ba shi wadda ko turmi ɗaya bai rage a bakinta ba. Ya ce shekara ashirin yana shiga kasuwar nan, ba a taɓa sayar masa da tsohuwa a sunan karsana ba, ba kuma yau za a fara ba. Badamagaren ya rantse, ya nuna masa lambar da ke takarda, ya nuna lambar da ke jikin mai sumul ɗin, ya ce iri ɗaya ne. Gogan ya ce ai lamba ko jaki ana iya yi wa, shi haƙori yake dubawa. Da mutumin ya gaji, sai ya naɗe masa mai haƙoran, ya ce shi dai ya faɗa, kuma mutanen rumfa shaida ne.

Yana isa gida Mansura ta tambaye shi ko an samu abin da ke takarda. Ya ce an samu wanda ya fi na takarda. Wannan magana ba ta kwanta mata ba, amma tana ta fama da babin ƙarshe, sai ta ƙyale shi.

To, duk makiyayi ya san ba a jefa baƙuwar dabba cikin garke haka kawai. Sai an ɗaure ta kusa da 'yan gida ta kwana, su shaƙi juna. Saboda haka da Mansura ta shiga kicin, gogan ya kwance murfin akwati da bakin wuƙa, ya ɗaure sabuwar furosesa da zare a jikin wata waya, dab da tsohuwar, ya mai da murfi. A ganinsa bai karya maganar Ɗalha ba, tunda Ɗalha cewa ya yi kada kowa ya buɗe, shi kuwa maigida ne, ba kowa ba.

Ran Juma'a da aka sauko daga masallaci, Mansura ta tafi suna a maƙwabta. Gogan ya ce ai yanzu sun saba, kuma ina amfanin ɗaukar kaya har Gumel a kan abin da bai fi ɗaurin tuke ba? Ya yi niyyar ta dawo ta tarar kwamfuta na gudu, ta san ba banza ta aura ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya yi bisimilla, ya kwantar da akwati a gefensa kamar za a yi wa sa ɗauri.

Ram biyu suka shiga da ƙyar, bayan ya hau su da babban yatsa. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya ɓamɓare tsohuwar fanka, ya ciro tsohuwar furosesa. Ya juya ta, sai ga cikinta sumul, ba haƙori ko ɗaya. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce Allah sarki, ashe duk sun zube, shi ya sa ba ta iya tafiya. Ya ƙara yi wa Badamagaren tsaki.

Ya ɗora mai haƙora a gurbin, ta ƙi zama. Ya juya ta gabas ta ƙi, ya juya ta yamma ta ƙi. Da wani ne da ya tsorata ya tsaya, amma shi ko a jikinsa, don ya sha ganin irin wannan. Saniya ce maraƙinta ya mutu, aka kawo mata maraya ta ƙi karɓa. Maganin kuwa tun a rugar kakansa ya koye shi: a feɗe fatar mataccen a yafa wa marayan, a barbaɗa gishiri a kai. In ta ji ƙamshin ɗanta ta fara lasar gishirin, shi ke nan ta karɓa.

Ya duba tsohuwar furosesa, ya ga wani abu toka-toka mai danƙo a bayanta. Ya ce ga fatar. Ya kankare shi da wuƙa ya shafe haƙoran sabuwar tas. Ya shiga ɗaki ya ɗebo gishirin shanu, ya barbaɗa a gurbin, ya ƙara a kan allon da ke kewaye don kada a yi rowa. Sannan ya tuna saniya ta fi son gishiri da ɗan laima, sai ya guntsi ruwa ya fesa. Ya ɗora furosesa, ya ɗauko taɓarya ya danna da gindinta har ya ji ƙus. Ya ce madalla, ta zauna.

Ya ja janareto, ya danna maɓalli. Kwamfuta ta yi wani ɗan ƙara cir-cir-cir. Ya ce ta fara lasa. Ta yi tas, wani shuɗin haske ya gifta. Ya ce ta gane shi. Hayaƙi ya fara fitowa ta bayanta, ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba. Yana tsugune yana shafa mata murfi yana cewa a hankali, a hankali, sai ga Mansura a bakin ƙofa da ƙullin cincin a hannu.

Ba ta yi ihu ba, kuma abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta kashe janareto, ta dubi taɓarya, ta dubi gishiri, ta dubi mijinta. Ranar tuwon maƙwabta ya ci.

Asabar da sassafe suka shiga motar Gumel, akwati a cinyarsa, ita tana kallon taga. Ɗalha ya buɗe murfi, ya daɗe yana kallo. Ya dangwali farin abin da yatsa ya kai harshe.

"Kawu, gishiri nake ji?"

"Ƙin karɓa ta yi," in ji gogan. Ya kwashe bayani tun daga haƙora har taɓarya, bai rage komai ba, don shi har lokacin bai ga inda ya kauce ba. Ɗalha ya fita waje ya ɗan jima, ya dawo yana share ido. Ya ce fanel, wato babban allon ciki, ya ƙone, ram sun ƙone, furosesa ta rugurguje, kwamfuta dai ta mutu murus.

Gogan ya yi salati. Ya ce abin da ya fi ba shi takaici shi ne ta mutu ba a yanka ba, da ya sani tun tana shure-shure da ya sa mata wuƙa.

Mansura ta zauna a benci. Ta ce wata bakwai, Ɗalha. Ɗalha ya sake sunkuyawa. Ya zura hannu can ƙasan akwatin inda ruwan bai kai ba, ya kwanto wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu. Ya ce wannan shi ne rumbun da rubutunta ke ciki, kuma da alama bai ji komai ba. Zai jona shi a tasa kwamfutar, in ta karanta shi, kundinta na nan har babin ƙarshe.

Fuskar gogan ta washe. Ya ce ai ga shi nan, ta mutu amma ta bar maraƙi. Ya dubi kwamfutar Ɗalha, ya dubi rumbun, ya ce sai dai fa wannan ba uwarsa ba ce, ba lalle ta karɓe shi ba. Ya zura hannu a aljihu ya zaro ƙullin gishiri, ya fara kwancewa.

Mansura ta miƙe ta riƙe masa hannu.

"Baban Anas, mai da shi aljihu, kada ka ɓarnatar. In mun koma kai za ka barbaɗa wa kanka, ko Allah zai sa in karɓe ka."