Dusar Kaka Kinue Ta Bi Motar Shara

"Na dawo! Ko gidan ya zama kango ne, ba mai amsawa?"

"Sannu da dawowa, Kaka. Ashe sun sako ki? Ni da na roƙe su su riƙe ki har sabuwar shekara."

"Rufe min baki. Likitan da kansa ya ce tunda yake bai taɓa ganin yarinya mai saurin warkewa irina ba."

"Yarinya mai shekara tamanin da uku da gwiwar ƙarfe. Yanzu ai kin yi tsada, duk ran da kika dame ni sai in kai ki wurin masu sayen tsohon ƙarfe a auna ki."

"Kanka za a auna, sikelin ma ba zai motsa ba. Karɓi jakar nan, ka cire min takalmi."

Tsohuwa Kinue ke nan da jikanta Shumpei, ranar da tasi ta sauke ta daga asibiti bayan kwana goma sha tara. Mu da bangonmu ɗaya da su a lungun nan na garin Kokura mun saba da su, don gidajenmu ko atishawa ka yi maƙwabci ya ji. Shumpei tuzuru ne mai shekara talatin da huɗu, direban motar rarraba kaya, ba abin da ya sa a gaba sai kamun kifi. Amma ranar, bakinsa kawai ke wasa, hankalinsa a tashe yake.

Dalili kuwa bahon dusa. Wani bahon katako ne da ke ƙarƙashin kantar kicin, cike da dusar shinkafa da gishiri, inda tsohuwar ke binne kokwamba da gauta su kwana su yi tsami. Ranar aurenta uwarta ta ɗebo mata dusar daga nata bahon, ita ma uwar daga wurin tata uwar ta samo. Shekara sittin da ɗaya ana ƙara sabuwa a kan tsohuwa, kuma ba ranar da hannu bai shiga ya juya ta ba. Da za ta tafi asibiti ta kama kunnen Shumpei ta ce safe da yamma, na ƙasa ya dawo sama, a danne, a goge gefe.

Ya yi kwana tara yana yi. A na goma abokansa suka ce kifi ya cika wani tsibiri, ya ɗauki ƙugiyarsa ya bi su, kwana huɗu, a tsakiyar zafin Agusta. Da ya dawo ya buɗe murfi, sai ya ga wani farin abu ya rufe fuskar dusar gaba ɗaya. Ya ce shi ke nan, ta ruɓe. Ya juye ta a ledar shara, ya je kanti ya sayo irin wadda ake sayarwa a kwaɓe, ya cika bahon ya shafe sama sumul.

"Me kake ta zufa haka?" in ji tsohuwar, bayan ta kunna turare a gaban hoton marigayi mijinta ta gaishe shi, ta zauna a kujera.

"Zafi ne."

"Ko kunya ce ta ga budurwa ta dawo gida? Kawo min abinci. Kwana goma sha tara suna ba ni ruwan wanke kwano suna ce masa miya. Shinkafa nake so da kokwambata."

"Likita bai hana ki gishiri ba?"

"Likitan da aka haifa jiya? Dusata ta girmi ubansa."

"Na kamo kifi, bari in gasa miki. Wani ƙato ne, sai da mu uku muka jawo shi."

"Ku uku? Na san kifinka. Wanda ka kamo bara, sai da na sa tabarau kafin in gano shi a faranti. Miƙo hannunka."

"Me za ki yi da hannuna? Aure za ki nema?"

"Wa zai auri mai warin tsutsa? Miƙo."

Ya miƙa. Ta sunsuna tafin, ta juya ta sunsuna bayan, ta ɗago ido.

"Ƙarni kawai nake ji. Mai juya dusa safe da yamma ko ya yi wanka da kwalbar turare sai hannunsa ya tona shi."

"Safar hannu nake sawa."

"Safar hannu! A bahon uwata! An ba mage ajiyar kifi. To kawo kokwambar in gani."

Ya yanko ya jera a ɗan faranti, ya ajiye kusa da shinkafar, ya koma bakin ƙofa ya tsaya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta ɗauki tsinkayen cin abinci ta kai yanka ɗaya baki. Ta tauna sau biyu. Ta ajiye tsinkayen.

"Wannan 'yar wane gida ce?"

"Taki ce mana. Harshenki ne magani ya lalata."

"Harshena ya binne likitoci uku. Wannan kokwambar ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba. Jawo bahon."

"Gwiwarki, Kaka."

"Da gwiwa ake juya dusa? Jawo."

Ya jawo shi har gabanta. Ta naɗe hannun riga ta tura hannu har wuyansa, ta tsaya. Ba ta juya ba, ba ta ciro ba. Shumpei ya gwammace ta zage shi, don tunda yake bai taɓa jin tsohuwar nan ta yi shiru mai tsawo haka ba, ko a ranar da aka ƙona gawar kakansa.

"Ina ka kai ta?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya durƙusa a kan tabarma, goshinsa har ƙasa.

"Na tafi tsibiri kwana huɗu. Da na dawo ta ruɓe, Kaka. Na ji tsoron kada ki ci ki koma asibiti."

"Ɗago kanka, ba na magana da ƙeya. Wane launi ka gani? Kore? Baƙi? Ja-ja?"

"Fari."

"Da gashi-gashi?"

"A'a. Fari fat, a shimfiɗe, kamar an barbaɗa gari."

Ta lumshe ido.

"Wayyo, ɗan nema. Ai ba mutuwa ta yi ba. Furfura ce. Duk bahon da ke da rai in aka bar shi kwana biyu haka yake yi. Cokali ɗaya za ka sa ka kwashe saman, ka juya, ta dawo hayyacinta. Da ranta ka zubar da ita."

Sai da kunnuwan Shumpei suka yi ɗumm. Duk kwanakin nan yana lallashin kansa da cewa gawa ya fitar.

"Ban sani ba."

"Waya ba ta aiki a asibiti? Matambayi ba ya ɓata. Kai da ke kirana ka tambaye ni inda safarka take?"

"Tsoron bakinki nake."

"Ka ji tsoron bakina, ba ka ji tsoron uwata ba. To gobe in ka ga furfurar kaina sai ka ƙulle ni a leda ka ajiye a bakin titi."

"Ba za su ɗauke ki ba. Ranar kwashe ƙarfe daban ce."

Ta ɗaga sandarta, sai dai ba ta da ƙarfin kai masa. Ta sauke.

"Wace rana ka fitar?"

"Litinin ta wancan makon. Da idona na ga motar shara ta tafi da ita."

"To, saura katakon. Ita dusa tana shiga jikin katako ta zauna. In ba ka taɓa shi ba, za ta iya farfaɗowa daga nan. Gaya min ba ka wanke ba."

Ya hau sosa ƙeya.

"Shumpei."

"Da sabulu. Na bi da tafasasshen ruwa. Na shanya a rana kwana biyu."

"Kai! Kai da kwanon da ka ci abinci sai ya yi sati a wurin wanke-wanke! Rana ɗaya da tsafta ta kama ka a duniya, a kan uwata ta sauka. Garin gyaran gira an rasa ido."

"Ki yafe min, Kaka."

"Lokacin da ruwa ya ci unguwar nan, baho na ɗauka a ka na fita, na bar kakanka yana neman silifa. Sau uku muna tashi gida, a cinyata yake tafiya. In na sa hannu ciki da safe, hannun uwata nake gaisawa da shi. Yanzu ga ni na tura hannu a cikin baƙuwa."

Shumpei ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kalli katakon da ya goge har ya yi fari, ya kalli hannun nata da ke ɗiga dusar kanti. Can wata dabara ta faɗo masa, ya yi wuf ya miƙe.

"Tsaya! Ai ba a nan kaɗai take ba. Kowa yana raba tasa. Inna Michiyo fa? 'Yarki ce, ranar aurenta ai kin ɗebar mata. Yanzu sai in hau jirgin ƙasa in karɓo cikin kwano, mu haɗa."

Tsohuwar ta hau goge yatsunta da tsumma ɗaya bayan ɗaya.

"Michiyo tana shafa jan farce."

"To?"

"Na ce sai ran da ta daina."

"Shekara talatin ke nan fa! To ƙanwarki da ke garin Moji?"

"Waccan sukari take zubawa a komai."

"Matan lungun nan?"

Nan kam ni shaida ne. Mai ɗakina ta taɓa zuwa da ɗan kwanonta da fara'arta, ta dawo da kwanon wayam da nasiha a kan yanke farce.

"Kaka," in ji Shumpei a hankali, bakin nasa ya fara dawowa, "kina nufin shekara sittin da ɗaya, ko cikin cokali ba ki taɓa ba wani ba?"

"Lalata ta za su yi."

"Uwarki ta ba ki. Tata uwar ta ba ta. Da ya zo kanki sai kika sa kwaɗo kika haɗiye makulli."

"Kai, mai laifi ne ke tuhumar alƙali?"

"Ni na zubar, ban musa ba, har in mutu ina jin ciwonsa. Amma da tana gida biyar, yau da dariya kawai za ki yi min, ki aike ni da kwano. Kika hana mai jan farce, kika hana mai sukari, kika tattara duka kika damƙa wa mai ƙugiya."

Ta juya ta dubi hoton mijinta kamar zai shigar mata, shi kuwa yana ta murmushinsa na kullum. Ta kai hannunta hanci ta sunsuna.

"Ko a hannuna ba ta saura. Sabulun asibiti ya cinye."

Sai wata dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke zuwa da ruwan ido, har kafaɗunta na rawa. Ta goge da gefen hannun riga.

"Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Michiyo ta yi kuka ranar nan, ka sani? Da kayan amarcinta, tana riƙe da kwano. Na ce kwalliyarta ce ke damunta. Kai ka kashe ta, ni kuma na hana ta haihuwa. Ka ci wannan shari'ar, ɗan banza."

"A rubuta a manna a bango. Yau Kaka ta ce na ci."

"Kada ka saba." Ta sa sandarta ta tura bahon har ya taɓa gwiwarsa. "Ɗauka. Naka ne."

"Ni? Bayan abin da na yi?"

"Wanda ya taɓa kashewa shi ya san zafin. Ka kwashe wannan ta kantin ka ba shukoki. Gobe da sassafe ka je wurin mai casar shinkafa ka karɓo sabuwar dusa, mu dafa ruwan gishiri, mu sa barkono da ɓawon kabeji. Hannunka zai shiga, ba nawa ba, kuma in na ga safar hannu sai na cusa maka ita a baki. Shekara uku kafin ta yi ɗanɗanon da za a ba baƙo. Irin ta uwata kuwa, wannan ba ni ba, ba kai ba."

"Tsibiri fa?"

"Ka tafi da ita a goye. Dama ba ka da mata." Ta jawo farantin, ta sake ɗaukar yankan kokwamba ta tauna tana yamutsa fuska. "Kuma duk wanda ya zo ƙofar nan da kwano, ka cika masa. Yanzu kira min Michiyo. Ka ce ta zo da nata nan da shekara uku, da farcenta da komai."

Shumpei ya rungumi bahon, ya ji shi ba nauyi kamar da.

"Shekara uku, Kaka? Za ki kai kuwa?"

"Zan kai mana," in ji ta, tana miƙa masa wayar. "Wa zan bar wa zaginka?"