Yadda Za Ka Zama Lauyan Kanka Ranar Rabuwa da Matarka

Ɗan'uwa, rabu da lauya. Me zai gaya wa alƙali game da gidanka wanda kai ba ka sani ba? Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka fito daga kotu hannu rabbana ba. Da su na yi tawa shari'ar, a kan wa zai riƙe 'yarmu Auta.

1. Nemo takardu

Ta aure, ta haihuwar yarinya, da katin asibitinta. Za ka zazzage durowa, ka ɗaga katifa, ba za ka gan su ba, domin matarka ce mai ajiye su. Kada ka zubar da girmanka ka kira ta. Sa yayarka ta kira ta.

2. Yi shigar masu gaskiya

Farar riga a goge. In ka ƙona wuyanta saboda ba ka taɓa riƙe dutsen gugar gidanku ba, ɗora kwat a kai. Zufar da za ka yi, alƙali zai ɗauka damuwa ce.

3. Riƙe jaka mai nauyi

Lauyanta zai zo da tulin takardu. Kai ma cika taka da tsofaffin jaridu. Kada ka kuskura ka buɗe ta.

4. Haddace "Ban yarda ba!"

Faɗe ta da ƙarfi, kana tsaye. Ni sau tara na faɗa, har da lokacin da lauyanta yake cewa ni ba mugun mutum ba ne.

5. Zaɓi shaida

Amininka ya fi kowa, amma ka ji ta bakinsa tun a gida. Da aka tambayi nawa ko ina zama da iyalina, sai ya dafe ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin kirki ne! Kullum muna tare a bakin shago har a rufe." Shi a nasa ganin yabo ne.

6. Kada ka waiwaya

Wannan shi ne babba. Alƙali zai cire tabarau ya ce, "Malam, kai ne kake neman riƙon yarinya. Wane magani ne jikinta ba ya so?"

Dubi rufi, dubi takalminka, yi tari. Amma kada ka waiwaya. Ni na waiwaya. Shekara goma sha huɗu duk tambayar da aka yi mini a kan gida haka nake yi, wuyana ya saba.

"Maman Auta," na ce, "wanne ne ma?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Yana rubuce a bayan katin da na aiko maka."

Ba da gatse ta faɗa ba, da muryar da take gaya mini inda makullina yake ta faɗa. Wallahi wannan ya fi yi mini ciwo. Alƙali ya mayar da tabarau, ya rubuta wani abu gajere.

7. Karɓi sakamakonka

Na ce ba za ka fito hannu rabbana ba, kuma ban yi ƙarya ba. Nawa sakamakon: ganin yarinyar kowace Asabar, daga goma na safe zuwa biyar na yamma.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba lauya ba ne, gyaran agogo yake yi. Duk abin da ya same ka, kai da wuyanka, babu ruwana. Mai ƙorafi ya zo shago, ban da Asabar, ranar ina ɗaukar darasi a wajen 'yata. Zuwa yanzu na san maganin, na san ajinta huɗu, takalminta lamba talatin da uku. Makon jiya kuma ta gaya mini shekara biyu ke nan da kowa ya daina kiranta Auta, sai ni.