Ranar da Aka Kama Ni a Argungu

Da gidan talabijin ɗinmu ya fara nuna wa yara katun ɗin wani ƙaton kifi, ni na dage sai na saka rigar kifin mun je talla Argungu. Yara suka cika bakin kogi suna tsalle, kaina ya kumbura. Na fizgi lasifika na ce, "Duk ƙasar Kabi babu mai iya kama ni!"

Na manta 'ya'yan masunta ne.

Kafin in juya, raga ta rufe ni. "Wanga kihi namu na!" Suka ja ni har kan sikelin mai albasa, kyamararmu tana ɗauka.

Har yau, in na shiga ofis a Birnin Kebbi, sai maigadi ya miƙe: "Ranka shi daɗe, kilo nawa yau?"