Zobenku da Fartanyata

Zuwa ga Mai Girma Manajan Kamfanin Igiyar Zumunci, masu haɗa kwamfutoci, masanan abin da ido ba ya gani.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar gajiyar hanya, ko da yake wata takwas ke nan da kuka bar Jalingo ba ku waiwayo ba, ni ne Matiyu Yuguda, akawun rajista a ofishin nan mai gini huɗu da kuka yi wa aiki. Ni ne wanda ya tsinke muku waya ranar Laraba. An ba ni takardar tuhuma, an kafa kwamiti, ranar Juma'a za a yanke ko in ci gaba da aiki ko in tattara. Shekarata goma sha tara a bakin aiki, tun muna Yola, kuma maganar gaskiya tsoro nake ji. Ga 'yan koke-kokena.

1. Ranar buɗe aiki injiniyanku ya yi mana bayani har da alli. Ya ce kowane gini an sa masa akwatin raba saƙo, wanda kuke kira suwic, waya kuma ta tashi daga ginin Darakta zuwa sito, zuwa rajista, zuwa sashen ma'aikata, ta komo inda ta fito, ta zama zobe. In ta tsinke ta gabas, saƙo ya juya ya bi ta yamma. Muka yi tafi. Ni har sau biyu na tambaye shi, ya ce tsinkewa ɗaya ba ta kashe zobe. To, ranka ya daɗe, sara ɗaya na yi, ofis ya rabu gida biyu. Shin alli ne ya yi kuskure, ko fartanyata ce ta fi ta kowa kaifi?

2. Wane ne ya ce muku filin da ke tsakanin gine-ginenmu fili ne kawai? Da rani kuka zo, kuka ga ƙasa a share, kuka binne waya zurfin kamu ɗaya. Da kun tambayi ko da mai gadi, da ya gaya muku kowace damina ma'aikata ke raba wurin nan su noma, tun daga masinja har manya. Rabona gyaɗa ce, bayan rajista. Ban nufi wayarku da sharri ba, ciyawa na bi.

3. Sai maganar zaurukan nan marasa bango da kuka raba mu ciki, waɗanda kuke kira bilan, wai don kada sashe ya leƙa sirrin sashe. Hikima ce, ban musa ba. Amma firintar da ke kan teburin maƙwabciyata Cecilia, mai buga tafireta, in na miƙa hannu zan taɓa ta, kwamfutata kuwa ba ta san da zamanta a duniya ba. Takardata sai ta fito a sito, in sa takalmi in je in ɗauko. Na gode, likita ma ya ce in riƙa tafiya.

4. Nan ne inda zuciyata ta fi ɓaci. Kun ce in waya ta tsinke, saƙon gargaɗi zai je kwamfuta guda ɗaya tak, kuka zaɓi ta Darakta don girmamawa. Wannan kwamfuta, Allah ya ƙara mata lafiya, tana nan cikin ledarta, ba a kunna ta sai an yi baƙi. Kun kuma ce jar fitila za ta kama a jikin akwatin. Cecilia mace ce mai tsabta, tun makon farko ta saƙa wa akwatunan huɗu mayafi mai fure saboda ƙura. Ranar Alhamis muka ɗaga na sito, muka ga ja. Nan take ta tuna ta ga wannan jan tun bikin Ista, lokacin da ta cire mayafin za ta wanke, ta ɗauka ado ne.

Ka ga ke nan, zobenku ya tsinke tun watan Afrilu. Ya juya ya bi ta yamma kamar yadda kuka koya masa, ya rufa wa mai laifi asiri wata huɗu, bai ce wa kowa uffan ba. Irin wannan kunya a wurin suruka ake yabonta, ranka ya daɗe, a wurin na'ura kuwa cutarwa ce. Ni na yi sara na biyu, duk laifin ya hau kaina.

5. Ranar Asabar na taso daga unguwarmu Nukkai na bi layin wayar a ƙafa, daga sito zuwa ginin Darakta. Daidai tsakiya ta shige ƙarƙashin tulin doya goma sha biyu, manya, waɗanda aka tara da garma a Afrilu. Gefen na uku, ga bakin waya ya leƙo, har doya ta naɗe shi. Doyar ta Alhaji Maliki ce, mataimakin Darakta, mutumin kirki, wanda kuma shi ne shugaban kwamitin da zai saurare ni.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne, ban ga komai ba, ban kuma ce komai ba. Abin da nake roƙo kawai, ku turo injiniyanku kafin Juma'a, ya zo da na'urar gwajinsa, ta yi ta bin waya har ta tsaya inda za ta tsaya a gaban kowa. Ita ba ta da 'ya'ya huɗu a makaranta, ba kuma a rubuta mata takardar tuhuma.

In ya taso, don Allah ya zo da nasa shebur. Duk ofishin nan babu wanda zai ara masa.

Naka mai biyayya har ƙasa, mai jiran ƙarar motarku,

Matiyu Yuguda
Akawun Rajista (har zuwa Juma'a)
Jalingo, 23 ga Agusta, 1999