Rasuwar Risho Mai Baki Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu ke warin kalanzir, Mairo matar Usaini, ta wani ƙauye a arewacin Minjibir, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rishonta, wanda aka fi sani da Mai Baki Biyu. Ya cika yau Talata da hantsi, a tsakiyar damina, kwana tara da shigowar amai da gudawa unguwa.

Marigayin ya zo gidan nan cikin kayan ɗaki shekara huɗu da suka wuce. Mai haƙuri ne, ba ya hayaƙi sai an tsokane shi. Ba ya da magana sai “fuuu” idan wuta ta kama shuɗiya, da “ɓuf” idan an kashe shi. Da kalanzir ya yi tsada aka ajiye shi ƙarƙashin gado, bai yi ƙorafi ba. Ranar da aka fita da gawa ta biyu daga layin rijiya, Mairo ta jawo shi ta kakkaɓe, don itace duk ya jiƙe, ita kuwa ta rantse ɗiyarta Zulaihatu ba za ta haɗiyi ɗanyen ruwa ba.

A nan ya nuna halinsa. Ƙaninta Ja'afaru, ɗalibin kimiyyar ƙananan halittu da yajin aiki ya koro gida, shi ya ba ta labarin abokiyar gabar. Ya ce ƙwayar kwalara kundin halitta biyu gare ta, wato ma'ajiyar bayanan gadonta, babba da ƙarami, kuma sai ta kwafe su duka kafin ta rabu biyu. Babban ke fara kwafuwa. Ƙaramin ba ya motsi sai babban ya kai wani wuri sananne, sannan ya tashi, su gama tare. Mairo ta ce masa, to, in abin da ido ba ya gani ya iya tsara aikinsa haka, ita ba za a bar ta a baya ba. Tun daga ranar take ɗora babbar tukunyar ruwan gida a baki ɗaya, sai ta fara tsuwa sannan ta kunna ɗaya bakin ga butar Zulaihatu. Su tafasa tare, a kashe tare, ko ɗigon kalanzir bai tafi a banza ba.

Jinyar marigayin gajeriya ce, kuma Mairo ba ta ɗora wa kowa laifi. Lagwani ya ƙare, hanyar kasuwa ta yanke da ruwa. Ta yi abin da uwarta ke yi, ta yaga tsohon zanen goyo ta murza. Ba ta san zanen zamani da roba a jikinsa ba. Ya narke ya toshe bututun, wuta ta koma ja, ta yi ƙasa. Marigayin ya ce “tsss” sau biyu, gindinsa ya tsage. Babbar tukunya ko ɗumi ba ta gama yi ba.

Ya bar tukunya ɗaya, da buta, da ashana rabin kwali. Ya bar Zulaihatu, 'yar wata goma sha ɗaya, wadda cikinta ya ɓaci tun jiya, ana ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Ya bar filas guda na dafaffen ruwa. Mairo ta auna da ido: zai kai la'asar, ba zai wuce ba. Usaini ya fita tun safe neman babur da zai iya ratsa laka zuwa asibiti, har yanzu shiru.

Za a kai gawar wurin Khalilu maƙeri idan hanya ta buɗe, ko za a sami murfi ko ƙafa da za su amfani wani.

Ana karɓar gaisuwa a zaure. Akwai sabulu da toka a bakin ƙofa, kowa ya wanke hannu, har Inna tsohuwar gida, don Allah kada a ji haushi. Ba za a ba kowa ruwan sha ba, kuma kada a kawo. Wanda ke son nuna zumunci ya duba rufin ɗakinsa ko ƙasan rumbunsa, ya zaro busasshen kara ko guda uku ne. An riga an kafa duwatsun murhu, tukunya na kai. A zo kafin la'asar.